Filin Amsa Tambayoyinku: Wa Zai Riƙe Hannun Matashin da Ya Baro Ƙasarsu?

Wasiƙun da suka taru a wannan karo sun karkata ne ga batu guda, wato matasan da yaƙi ko fatara ko neman ingantacciyar rayuwa suka raba da ƙasashensu, da kuma shirye-shiryen da ake yi domin haɗa su da manyan da za su yi musu jagora. Alƙaluman Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, sun nuna cewa zuwa ƙarshen shekarar 2024 mutanen da aka tilasta wa barin gidajensu sun haura miliyan 123, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne da ba su kai shekara 18 ba. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, kuma shekara biyu ke nan da aka ba mu mafaka a wata ƙasa bayan mahaifinsu ya rasu a rikicin da ya kore mu. Babban ɗana yana da shekara 15. Makarantarsu ta aiko da takarda cewa za a haɗa shi da wani ɗalibin jami'a da zai riƙa ganinsa sau ɗaya a mako. Ban sa hannu ba, domin ina tsoron a sauya masa tarbiyya da addini. Tun yanzu ma, da yake shi ne yake yi mini tafinta a asibiti da ofisoshi, ya fara yi mini magana kamar shi ne babba a gidan. Shin in amince?

Amsa: Baiwar Allah, Allah ya jiƙan maigidanki, ya kuma raya miki abin da ya bari. Tsoronki yana da tushe, kuma duk wanda ya ce miki ki sa hannu kawai ba tare da tambaya ba bai yi miki adalci ba. Amma kafin mu zo kan takardar, ina so mu tsaya a kan abin da kika faɗa daga ƙarshe, domin a ganina can ne ainihin matsalar take.

Yaro ɗan shekara 15 da yake wuni a makaranta yakan kama harshen sabuwar ƙasa da sauri fiye da mahaifiyarsa da take wuni a gida, saboda haka cikin 'yan watanni sai ya zama shi ne mai buɗe wasiƙar ofishin shige da fice, shi ne mai jayayya da mai gidan haya, shi ne kuma mai tsayawa tsakaninki da likita yana jin bayanin ciwon da ɗa bai kamata ya ji daga bakin mahaifiyarsa ba. Yana fassara miki takardar da shi kansa bai gama fahimta ba, yana kuma sane da cewa idan ya yi kuskure a kalma ɗaya iyalin na iya rasa wani haƙƙi. Wannan kaya ya fi ƙarfin shekarunsa, kuma sau da yawa abin da iyaye suke gani a matsayin raini gajiya ce da fargaba da suka rasa hanyar fita. Ban ce a ƙyale rashin ladabi ba, amma idan aka rage masa kayan, akasari sai a ga harshensa ya yi laushi. Ki fara da neman tafinta a asibiti, domin asibitoci da ofisoshi da dama a ƙasashen da ke karɓar 'yan gudun hijira suna samar da shi idan an nema, wani lokaci ma ta wayar tarho.

Shi kuwa jagoran da ake so a haɗa shi da shi, aikinsa shi ne nuna wa ɗanki abubuwan da 'yan ƙasa suke ɗauka kowa ya sani, alhali baƙo ba shi da inda zai koya. A ƙasashe da yawa, darussan da yaro ya zaɓa yana ɗan shekara 15 ko 16 su ne suke yanke ko zai iya shiga jami'a ko koyon sana'a daga baya, kuma iyalin da ba su san tsarin ba sukan farga ne bayan ƙofar ta rufe. Haɗa ɗaliban jami'a da 'ya'yan baƙi tsohon tsari ne. Jami'ar Malmo da ke Suwidin ta fara irinsa a 1997, inda ɗalibi yake ganin yaro sau ɗaya a mako har tsawon zangon karatu na shekara, kuma jami'o'i a wasu ƙasashen Turai sun kwaikwaye shi.

Shawarata ita ce ki je makarantar da kanki tare da tafintan da ba ɗanki ba, ki tambayi ko an binciki tarihin wannan ɗalibi a wurin hukuma, wane horo aka ba shi, a ina za su riƙa haɗuwa, wane ma'aikaci ne yake sa ido a kansu, da kuma wanda za ki kira idan wani abu bai kwanta miki ba. Ki faɗa musu a fili abin da addininku ya hana da lokutan ibadarku, ki kuma nemi a ba ki damar ganin mutumin ido da ido kafin a fara. Shirin da yake da tsari ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, hasali ma yana jiran su. Bayan an fara kuma, ki lura da abu guda. Jagoran kirki yana ɗaga darajar uwa a idon ɗanta, yana tambayarsa ko ya shawarce ki, ba ya kuma ɓoye miki inda suka je. Wanda ya fara ba yaro kyaututtuka masu tsada, ko yake cewa kada ya gaya miki wani abu, ko yake neman keɓewa da shi a wurin da ba a amince ba, ki dakatar da shi a ranar, ki kuma sanar da makaranta. Idan amsoshin da kika samu sun gamsar da ke, ina ganin ki sa hannu, domin yaron da ya rasa uba yana kuma ɗauke da nauyin gida yana bukatar wani babba da zai iya yi wa tambaya ba tare da jin kunya ba.

Tambaya: Ni ma'aikaci ne, kuma wata ƙungiya a inda nake zaune tana neman masu sa kai da za su yi wa matasa baƙi jagora. Ina da sha'awa ƙwarai, sai dai akwai yiwuwar a yi mini canjin wurin aiki nan da wata uku ko huɗu. Na ce a raina ko kaɗan ne ai ya fi babu. Ko ba haka ba?

Amsa: Malam, a wannan aikin kaɗan na iya zama mafi muni daga babu, kuma akwai bincike da ya nuna hakan. Ƙungiyar Big Brothers Big Sisters ta Amurka, wadda tushenta ya faro daga birnin New York a 1904, tana cikin mafiya daɗewa a harkar haɗa yara da manyan masu sa kai. A 1995 an wallafa wani bincike a kan yara 959 masu shekara 10 zuwa 16, inda aka kwatanta waɗanda aka ba jagora da waɗanda suke jiran layi, aka ga cewa yiwuwar fara shan miyagun ƙwayoyi ta ragu da kashi 46 cikin 100 a wajen masu jagora, kuma kwanakin da suke gudun makaranta sun ragu da kusan rabi. Wannan sakamakon ne aka fi yaɗawa. Amma a 2002 masu bincike biyu, Jean Grossman da Jean Rhodes, suka sake duba bayanan ta fuskar tsawon lokacin da kowace alaƙa ta yi, sai suka tarar cewa mafi yawan amfanin ya tattara ne a wajen yaran da alaƙarsu ta kai shekara ɗaya ko fiye, yayin da waɗanda jagoransu ya bar su kafin wata uku suka koma baya a yadda suke ganin ƙimar kansu da kuma ƙwazonsu na karatu.

Yaran da aka yi wannan bincike a kansu ba 'yan gudun hijira ba ne, to ka auna yadda abin zai kasance ga matashin da ya riga ya rabu da gida da abokai da malamai, wataƙila ma da iyaye, ba tare da sallama ba. Irin wannan yaro yakan ɗauki makonni yana gwada ka kafin ya saki jiki. Zai makara, zai yi shiru, zai amsa maka da kalma ɗaya, duk yana so ya ga ko kai ma mai wucewa ne. Idan ka tafi daidai lokacin da ya fara yarda, abin da ka koya masa shi ne cewa zatonsa na farko daidai ne. Alƙawari kaya ne, kuma a nan yaron ne yake shan wahala idan aka sauke shi a tsakiyar hanya.

Wannan ba ya nufin ka janye. Ka gaya wa ƙungiyar gaskiyar halin da kake ciki, ka nemi aikin da yake da farko da ƙarshe sanannu: taimakon aikin gida a ajin yamma inda masu sa kai suke da yawa, koyar da rubuta takardar neman aiki, ko shirya matasa yadda za su amsa tambayoyi a ganawar ɗaukar ma'aikata. Gajeren lokaci ba laifi ba ne idan an san shi tun farko. Ƙungiyar DUO for a JOB da aka kafa a Beljiyam a 2013 tana haɗa matasa baƙi masu neman aiki da mutanen da suka haura shekara 50 na tsawon wata shida kacal, kuma kowa ya san ranar gamawa tun ranar farawa, don haka rabuwar takan zo ne a matsayin kammala aiki. Idan kuma canjin wurin aikin bai tabbata ba, sai ka dawo ka ɗauki yaro guda da niyyar shekara.

Tambaya: Ni malamar sakandare ce. Akwai wata yarinya a ajina da suka zo ƙasar shekara biyu da suka wuce. Tana magana da harshenmu kamar a nan aka haife ta, amma tana faɗuwa jarrabawa. Wasu abokan aikina sun ce ba ta da ƙoƙari ne, a mayar da ita ajin masu rauni.

Amsa: Malama, ki roƙe su su dakata. Masanin ilimin harshe Jim Cummins, bisa nazarin bayanan 'ya'yan baƙi a makarantun Kanada, ya nuna tun farkon shekarun 1980 cewa yaro na iya ƙwarewa a harshen hira cikin kimanin shekara biyu, amma harshen karatu, wanda ake rubuta littafin kimiyya da tambayar jarrabawa da shi, yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai kafin ya kamo tsararrakinsa. A hira yarinyar tana samun taimako daga fuska da hannu da muryar mai magana, tana kuma iya cewa a maimaita. A takardar jarrabawa kuwa sai ta tarar da umarni irin su "kwatanta", "yi sharhi", "kawo hujja", babu kowa a gabanta, agogo kuma yana tafiya. Ƙwarewarta a hira ce take rufe wa malamai ido, har su ɗauka matsalar harshe ta wuce.

Akwai hanya mai sauƙi ta rarrabewa. Ki ba ta lissafin da babu dogon bayani a cikinsa, ko ki karanta mata tambayar ki bar ta ta amsa da baki, ko kuma a samu wanda zai gwada ta da harshenta na gida. Idan ta amsa, to ilimin yana nan, kalmomin ne ba su iso ba tukuna. Idan ba ta amsa ba, ki bincika ko akwai shekarun da ta yi ba ta makaranta a lokacin gudun hijira, domin yaron da ya tsallake shekarun da ake koyar da kason lissafi zai sha wahala a aljabara ko da wane harshe aka koyar da shi, kuma maganin wannan shi ne darasin cike giɓi. Ki kuma tambaye ta, cikin sirri, abin da take yi daga tashi makaranta zuwa dare, saboda 'yan mata a gidajen baƙi sukan zama masu renon ƙanne yayin da iyaye suke aikin dare.

Irin wannan ɗaliba ta fi amfana da jagora mai zama da ita a kan littafin darasi, yana warware mata kalmomin fanni ɗaya bayan ɗaya, fiye da mai fita da ita yawon buɗe ido. Haɗa ta da wata ɗaliba da ta girme ta, wadda ita ma ta zo a baƙuwa ta kuma tsallake wannan mataki, yana da amfani ƙwarai. Kada kuma a shawarci iyayenta su daina yi mata magana da harshensu, domin abin da yaro ya fahimta da harshen uwa yana ƙaura tare da shi zuwa sabon harshe.

Tambaya: Wata shida ke nan ina yi wa wani yaro ɗan shekara 17 jagora. Ya shigo ƙasar shi kaɗai, ba iyaye ba dangi. Ba ya taɓa maganar abin da ya gani a hanya, amma ya gaya mini ba ya iya barci. Kwanan nan ya roƙe ni rancen kuɗi masu yawa, ya ƙi faɗin dalili. Nan da wata biyar zai cika 18. Na rasa ta inda zan fara.

Amsa: Ɗan'uwa, roƙon da ya yi maka da kuma maganar barcin alama ce ta cewa wata shidan ba su tafi a banza ba. Abubuwa uku ne a wasiƙarka, kuma wanda ya fi gaggawa shi ne wanda ka ambata a ƙarshe.

A ƙasashe da dama, ranar da yaron da ya zo shi kaɗai ya cika shekara 18, kariyar da doka take ba shi a matsayin yaro takan yanke ko ta ragu sosai. Yana iya rasa masaukin yara, da ma'aikacin jin daɗin jama'a da ya saba da shi, da majiɓincin da doka ta naɗa masa, a wasu wuraren ma har izinin zamansa yakan sauya. Dokokin sun bambanta. Italiya ta yi doka a 2017 da ta ba 'yan ƙasa damar zama majiɓinta na sa kai ga irin waɗannan yara bayan an horar da su, a Holan ƙungiyar Nidos ce take riƙe da wannan amana, a Jamus kuma tallafin ofishin kula da matasa yana iya ci gaba har zuwa shekara 21 idan an nema aka kuma nuna bukata. Abin da ya haɗa su shi ne cewa kusan komai sai an nema da wuri kuma a rubuce. Saboda haka a wannan makon ka nemi zama da majiɓincinsa da lauyansa, tare da shi kuma da yardarsa, ku tantance inda zai kwana washegarin ranar haihuwarsa, matsayin takardunsa, ko karatunsa ko koyon sana'arsa zai ci gaba, da kuma ko akwai wa'adin neman haɗa shi da iyalinsa da yake da alaƙa da shekarunsa. Kai ba lauya ba ne, kuma kada ka ba shi fatawar doka daga abin da ka ji a bakin mutane. Aikinka shi ne ka tabbatar an yi tambayoyin, ka raka shi ofis, ka taimaka masa ya adana kwafin kowace takarda a wuri guda. Idan ya rasa labarin danginsa, ƙungiyar Red Cross tana da sashen neman 'yan'uwan da suka ɓace wa juna, kuma kyauta take yi.

Game da shirunsa, kada ka tone shi. Yaron da yake neman mafaka ya riga ya maimaita labarinsa ga jami'ai a ɗakunan da ake rubuta kowace kalma ana neman inda zai saɓa wa kansa, kuma mai yiwuwa kai ne mutum na farko da yake zama da shi ba ya neman komai daga bakinsa. Ka bar masa wannan hutun. Sai dai rashin barci abin kulawa ne. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna cewa kimanin mutum ɗaya cikin biyar a wuraren da aka yi rikici yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kamar baƙin ciki mai tsanani ko fargaba ko firgicin abin da ya wuce. Ka fara da ƙofar da shi ya buɗe: ka ce masa akwai likitocin da suke taimaka wa masu matsalar barci, ka kuma yi tayin raka shi. Matasa da yawa da za su ƙi zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa sukan yarda su je saboda barci ko ciwon kai. Idan kuwa ya taɓa furta cewa ya gaji da rayuwa ko yana tunanin cutar da kansa, wannan ba sirrin da za ka riƙe ba ne. Ka gaya masa a fili cewa za ka sanar da mai kula da shirin, kuma ka yi hakan a ranar.

Batun kuɗin kuma, yawanci ɗaya ne cikin biyu: ko dai iyalin da suka sayar da abin hannunsu suka turo shi suna jiran ya fara aike, ko kuma akwai bashin waɗanda suka yi safararsa, kuma suna matsa masa ko suna yi wa danginsa barazana. Na biyun yana da haɗari, domin ta nan ne ake jan yara zuwa aikin bauta ko dillancin ƙwaya. Kada ka ba shi rancen, ko da kana da hali, saboda da zarar ka zama mai bin sa bashi zai fara guje maka ranar da ya kasa biya, kuma yawancin shirye-shirye sun hana hakan. Amma kada ka tsaya a kan "a'a". Ka ce masa ka san mutum ba ya neman irin wannan kuɗi sai da dalili mai nauyi, kuma kana so ku nemi mafita tare da mai kula da shirin.

Tambaya: Na gama sakandare a sansanin 'yan gudun hijira da sakamako mai kyau, yayata kuma ta yi shekara biyu a jami'a a ƙasarmu amma takardunta sun ƙone. Wani mutum ya ce idan muka biya shi zai sama mana gurbin karatu a waje. Akwai hanya ta gaskiya?

Amsa: 'Yata, kada ku ba shi ko sisi. Duk hidimar UNHCR kyauta ce, haka ma neman guraben tallafin karatun da ke bi ta hannunta da abokan aikinta, kuma wanda ya nemi kuɗi da sunansu ɗan damfara ne.

Hanyoyin gaskiya suna nan, ko da yake ƙofar ƙunci gare ta. Rahoton UNHCR na 2024 ya nuna cewa kashi 7 cikin 100 ne kawai na matasa 'yan gudun hijira suke samun ilimin gaba da sakandare, kuma burin hukumar shi ne a kai kashi 15 nan da 2030. Mafi daɗewa a cikin tallafin shi ne DAFI, wanda gwamnatin Jamus ta fara ɗaukar nauyinsa a 1992, kuma yana biya wa ɗalibi karatun digiri a ƙasar da ya samu mafaka. Akwai kuma shirin ƙungiyar WUSC ta Kanada, wanda tun 1978 yake ɗaukar ɗalibai, ciki har da na sansanoni irin su Kakuma da Dadaab a Kenya da Dzaleka a Malawi, ya kai su jami'o'in Kanada da izinin zama na dindindin. Abin da ya burge ni a tsarinsa shi ne cewa ɗaliban jami'o'in ne da kansu suke tara wani ɓangare na kuɗin, su ne kuma suke tarbar baƙon su riƙe shi a shekararsa ta farko. Waɗannan shirye-shirye suna da iyakar shekaru da lokacin rufe karɓar takardu, don haka ki je ofishin ilimi na sansaninku ki tambayi waɗanda ake nema daga ƙasar da kike.

Ita kuwa yayarki, ƙonewar takardu ba ta share karatunta ba. Majalisar ƙasashen Turai mai suna Council of Europe ta ɓullo da wata takardar tantance ilimin 'yan gudun hijira a 2017, hukumar UNESCO kuma ta fara gwada irinta a Zambiya a 2019. Ƙwararru ne suke yi wa mutum tambayoyi a kan abin da ya karanta, su duba duk wata shaida da ta rage, sannan su rubuta ra'ayinsu a kan matakin da ya kai. Ba ta maye gurbin shaidar digiri, kuma jami'a ce take da ikon karɓa ko ƙi, amma tana buɗe magana. Sai yayarki ta fara tattara duk abin da ya tsira: katin ɗalibi, hoton sakamako a waya, sunayen darussa da na malamai.

Kada ki jira wata ƙungiya ta naɗa miki jagora. Ki nemi wani tsohon malaminki, ko wata da ta taɓa samun ɗaya daga cikin waɗannan guraben, ki roƙe ta kai tsaye ta duba miki takardar neman gurbi ta kuma gwada ki da tambayoyin ganawa. Ki kuma nemi fiye da hanya ɗaya a lokaci guda, har da kwasa-kwasan da ake yi ta intanet a cibiyoyin karatu na wasu sansanoni da kuma makarantun koyon sana'a, domin masu nema sun ninka guraben sau da yawa.

Tambaya: Unguwarmu cike take da matasanmu marasa aikin yi, amma ƙungiyoyi sun zo suna koyar da 'ya'yan baƙi kwamfuta kyauta. Wannan adalci ne?

Amsa: Malam, ƙorafinka yana kan hanya, kuma bai kamata a amsa shi da zargin ƙyamar baƙi ba. Fiye da kashi 70 cikin 100 na 'yan gudun hijirar duniya suna zaune ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaici, kimanin kashi biyu cikin uku kuma a ƙasashen da ke maƙwabtaka da nasu, wanda ke nufin cewa galibi talaka ne yake karɓar baƙuncin talaka. Shirin da ya raba yara biyu masu bukata iri ɗaya a bakin ƙofa, ya shigar da ɗaya ya kori ɗaya, yana jawo wa wanda ya shigar ɗin ƙiyayyar maƙwabtan da zai zauna da su shekaru. Yarjejeniyar duniya kan 'yan gudun hijira da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a Disambar 2018 ta yarda da wannan, inda ta nanata cewa tallafi ya amfani al'ummar da ta karɓi baƙi tare da baƙin. A Yuganda, wadda dokarta ta 2006 ta ba 'yan gudun hijira 'yancin aiki da zirga-zirga, an daɗe ana bin ƙa'idar ware kimanin kashi 30 cikin 100 na ayyukan tallafi ga 'yan ƙasa da ke kewaye, kuma a matsugunai da yawa makaranta ɗaya da asibiti ɗaya ake shiga.

Saboda haka abin nema shi ne a faɗaɗa ajin. Ku haɗa wakilai daga dattawan unguwa da matasa, tare da wakilan baƙin, ku je wurin ƙungiyar ku nemi a ware wa 'yan unguwa kujeru bisa ma'aunin bukata da kowa zai gani. Ku kuma ba da naku: masu sana'a a cikinku su karɓi almajirai daga ɓangarorin biyu, matasan baƙin da suka riga suka ƙware a kwamfutar kuma a sa su cikin masu koyar da rukuni na gaba. Sau da yawa sharaɗin mai ba da kuɗi ne yake ɗaure hannun ƙungiya, kuma wasiƙar da shugabannin al'ummomin biyu suka sa wa hannu ita ce hujjar da ma'aikatanta za su kai gaba domin a sassauta sharaɗin a zangon kuɗi mai zuwa.